Tsakanin Teburin Mai Shayi da Tukunyar Ɗanwake

A gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa na Kano da Kaduna da Zariya, babu lokacin da ke gwada haƙurin uwargida kamar tsakanin magariba da isha'i. Ta taso daga aiki ko daga shago, cunkoson hanya ya cinye mata yammaci, yara sun dawo daga Islamiyya suna ta "Umma, me za mu ci?", maigida kuma yana tafe. Maganar tuwo ta riga ta wuce, don kafin a yi talge a tuƙa, a kaɗa miya, ƙananan sun yi barci da yunwa. Sai ɗayan biyu: ko a miƙa wa babban yaro kuɗi ya je teburin mai shayi na bakin layi ya karɓo Indomie da ƙwai, ko a ɗora ruwa a saki ɗanwake. Kowanne yana da mutanensa, kuma hujjar kowane ɓangare ta isa a saurare ta.

Kafin a shiga awo, ya kamata a wanke masu saye daga zargin da aka saba yi musu, wai lalaci ne da kwaikwayon zamani. Sayen dafaffen abinci tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Baturiyar nan mai bincike, Polly Hill, da ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta tarar da matan kulle suna tafiyar da kasuwa sukutum daga cikin ɗakunansu, yara na kai musu talla gida-gida. Fura da ƙosai da waina, har da shi kansa ɗanwaken, duk sayensu ake yi tun kaka da kakanni. Abin da ya sauya shi ne abin da ke cikin ledar, da kuma yadda kuɗinsa yake cizo.

Indomie baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Wani Bajapane mai suna Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro taliyar gaggawa a 1958, aka fara yin Indomie a Indonesiya a 1972, sannan a tsakiyar shekarun 1990 aka kafa mata masana'anta a Ota ta Jihar Ogun, daga baya har Kaduna ta samu tata. Sirrin saurinta shi ne an riga an turara ta an soya tun a masana'anta, ruwan zafi kawai take jira. Alkamar da ake yin ta kuwa yawanci daga ƙetare take zuwa, saboda haka duk lokacin da dala ta motsa, ledar takan motsa da ita. Ɗanwake a nasa ɓangaren ɗan ƙasa ne gaba da baya: Nijeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na biye da ita, kuka tana tsaye a bayan gari, rogo na gona, kanwa kuma ta daɗe tana gangarowa daga arewa. Wanda ya taɓa ratsa kasuwar Dawanau bayan kaka ya ga buhunan wake sun yi tsauni ba ya buƙatar ƙarin bayani. Sai dai kar a cika baki da yawa. Ɗanwaken da ake ci a gidajen birni da dama yanzu fulawa ce zalla da kuka, waken sai a suna, wato shi ma alkamar jirgin ruwa yake ci.

Ta fuskar sauri, ido zai ce mai shayi ya yi nasara tun ba a fara ba. Minti biyar sun ishe shi. Ya zuba ruwa a kasko, ya fasa ledar, ya yanka albasa da attaruhu a tafin hannunsa ba tare da katako ba, ya kaɗa ƙwai a kofi, yana yi yana tambaya, "Alhaji, a soya ko da ruwa-ruwa?" Amma wannan lissafin mutum ɗaya ne. Kaskonsa ƙarami ne, faranti-faranti yake dafawa, kuma bayan magariba kowa ya fito: masu Adaidaita Sahu, ɗalibai, gwauraye, masu gadi. Yaron da aka aika da saƙon mutum bakwai zai bi layi, sannan ya tsaya a dafa masa sau uku ko huɗu, kafin ya iso gida ta farko ta huce ta kumbura a leda. Sa'a guda takan tafi a haka ba a ankara ba.

Ɗanwake kuwa ba ruwansa da yawan baki. Yayin da ruwa ke neman tafasa, an tankaɗe gari a roba, an zuba kuka, an tsiyayo ruwan kanwa an kwaɓa har ya yi danƙo yana bin hannu. Ruwa na tafasa sai a riƙa gutsura da yatsu ana jefawa, ƙanana-ƙanana don ya dahu har ciki. Da fari zai nutse, can sai ya taso sama ɗaya bayan ɗaya, kumfa ta biyo shi, dole a janye murfi gefe, in ba haka ba ya yi bori ya kashe wutar. Bayan kamar minti goma sha biyar sai a ciro ɗaya a raba shi biyu. In ba ɗanyen gari a tsakiya, a tsame shi cikin ruwan sanyi. A gefe an soya man gyaɗa da albasa har ta yi ja, ga yaji a kwalba, in da hali a yanka tumatir da kabeji, a dafa ƙwai biyu a rarraba. Rabin sa'a, ko na mutum uku ne ko na mutum goma. Sai dai akwai sharaɗi mai nauyi a ƙarƙashin wannan sauri: garin ya kasance a niƙe yana jira. Gidan da sai da magariba za a fara neman wake da mai inji, gara ma kowa ya nufi mai shayi.

A batun kuɗi ma yawan baki ne alƙali. Mai shayi da kai yake ƙirga, tukunya da mudu. Babban mutum ba ya ƙoshi da ƙaramar leda ɗaya mai giram 70, sai biyu da ƙwai, saurayi mai tashe kuwa har sai an haɗa masa da biredi. Gida mai mutum bakwai zai lashe leda goma sha biyu cikin dare ɗaya, ga ƙwai, ga ladan dafawa, ga ribar mai tebur wadda ita ce abincin nasa iyalin. Kuɗin da ya tafi a wannan dare zai sayi garin da za a ci ɗanwake fiye da sau ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, magidanta da dama da ba su saba irin wannan lissafi ba sun koye shi dole.

To, amma a juya lissafin ta ɗaya gefen. Gwauro, ko ɗalibi, ko ango da amarya da ba su tara ba, in suka ce sai sun kunna gas sun tafasa tukunya guda ta ruwa don curi ashirin na ɗanwake, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Wutar mai shayi ɗaya ce tana dafa wa mutum hamsin, man sa da albasarsa a sari ya saye su, ba ya kuma barin kowa da wanke-wanke. Ga mutum ɗaya ko biyu, tebur yakan zo daidai da tukunya, wani lokaci ma ya fi ta sauƙi. Kuma shi wake ba kullum yake araha ba: da bazara zuwa tsakiyar damina, kafin sabo ya shigo, mudunsa yakan yi tashin da har masu ƙosai suna rage girman ƙosansu.

Wajen riƙe ciki ɗanwake ya yi fintinkau, muddin na wake ne da gaske. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake sinadarin gina jiki ne, kuka kuma ganye ce, don haka yaron da ya ci ya sha ruwa ba ya farkawa tsakar dare yana neman abin taɓawa. Indomie fulawa ce soyayya. Ƙwan da aka ɗora mata shi ne ke rufa mata asiri, kuma shi ne abu na farko da ake cirewa idan aljihu ya yi sanyi. Ga gishirin da ke cikin 'yar ledar ɗanɗanonta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wanda ya ci leda biyu da duk kayan haɗinsu kuwa ya riga ya cinye kaso mai tsoka na wannan a zama ɗaya. Duk da haka ɗanwake ba waliyyi ba ne. Yajin da aka daka da dunƙule barkatai shi ma gishiri ne, man da wasu ke malalawa har curin yana iyo ba lafiya ba ne, kanwa in ta yi yawa takan ɓata ciki, kuma akwai dattawan da ɗanwaken dare ke hana su barci saboda nauyi da ƙishirwa. Bambancin kawai shi ne a gida cokalin yana hannunka: mai hawan jini zai iya cewa a rage masa yaji, a ƙara masa kabeji.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wajen masu saye ba ta shiga lissafin naira, shi ya sa ake yawan tsallake ta. Rabin sa'ar nan ta ɗanwake, a tsaye ake yin ta, gaban wuta, cikin zafin Afrilu, kuma yawanci wadda ta wuni a aji tana koyarwa ko a asibiti tana duba marasa lafiya ita ce za ta tsaya. Bayan an ci ga tukunya mai danƙon kuka, ga roba, ga faranti, ga ruwan da sai an saya wurin mai garuwa. Maigidan da ke zaune a tabarma yana lissafa abin da aka rage ba kasafai yake sa wannan a ma'auni ba. Idan ta ce, "Abban yara, yau kam a sayo kawai," ba almubazzaranci ta yi ba, hutun rabin sa'a ta saya, kuma ya cancanci kuɗinsa. Sai dai a nan ma akwai abin da ɗanwake zai ce: ba girki ne mai wuyar koyo ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyar, namiji ko mace, zai iya kwaɓawa ya saki, maigida ma in ya sauke girman kai zai iya soya mai ya yanka albasa. Ƙafar da ake aikawa bakin layi da daddare, da an tsayar da ita a madafa da ta fi amfani, ta kuma fi zama cikin aminci.

In aka ba yara zaɓi, Indomie za su ɗauka, wannan ba gardama. Kuma ɗanwake kullum yana gundura. Abin da ke taimakonsa shi ne yana da 'yan'uwa masu irin halinsa: taliya da manja da yaji, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kwaɗon garin kwaki da tumatir da albasa wanda ko wuta ba ya so, faten tsaki in akwai alayyafo ko yakuwa, da ɗumamen jiya da wasu ke rainawa alhali ya fi sabon tuwo daɗi. Wanda ya duba da kyau zai ga kusan dukkansu a kan busassun kaya suka dogara: gari, kuka, ƙuli, yaji, busasshen zogale, tsaki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da wutar lantarki ke zuwa lokacin da ta ga dama. Dabarar dafa miyar mako guda a ajiye a firji tana aiki ne a gidan da ke da sola ko janareta. Dabarar kakanninmu ta shanyawa da dakawa da niƙawa ba ta jiran kowa. Garau-garau ne kawai ya fita daga sahun, don wake tsurarsa ba ya dahuwa da gaggawa ko an sa masa kanwa.

Akwai kuma masu bin tsakiya: su sayi kwalin Indomie a sari, su dafa a gida a tukunya ɗaya da kabeji da karas da yawa, su rage kayan ɗanɗanon. Wannan ya fi tebur araha, ya fi ɗanwake sauri, amma bai kai shi riƙe ciki ba.

Da aka jera su haka, ni dai a ganina gidan da bakinsa ya haura uku ko huɗu, tukunya ce ta fi masa, mai shayi kuma a bar shi don daren da uwargida ba ta jin daɗi, ko aka dawo daga tafiya, ko gas ya ƙare ana tsakar girki. Amma nasarar tukunyar ba da magariba ake samun ta ba, tun ranar hutu ake ƙulla ta: a gyara wake, a haɗa shi da busasshen rogo a kai inji, a daka yaji a cika kwalba, a jiƙa kanwa a tace a zuba a gora. Kada dai a niƙa fiye da na 'yan makonni, musamman da damina, domin garin wake yana saurin jan danshi da ƙwari. A shanya shi ya huce bayan niƙa, sannan a rufe shi a bokiti mai murfi.