Abin da inuwar kurmi ke ɓoye wa na'urar safiyo a Abuja

A Babban Birnin Tarayya, inda darajar fili ke hawa kullum, kuskuren 'yan mitoci a wajen awo kan iya kai maƙwabta gaban alƙali. Haɗarin ya fi girma a kurmin da ke bin gaɓar kogunan Gurara da Usuma, a yankunan Gwagwalada, Kwali da Abaji, inda na'urar GPS ke rasa ƙwarinta da zarar an shiga ƙarƙashin itatuwa.

Taurarin ɗan'adam na GPS suna shawagi ne a nisan kimanin kilomita 20,200, kuma sai na'ura ta kama saƙon aƙalla huɗu kafin ta tantance inda take. A sarari, wayar hannu kan kuskure da kusan mita 5, yayin da na'urar ƙwararru ke rage kuskuren zuwa 'yan santimita. Amma a cikin kurmi ganye na raunana saƙon, rassa kuma su karkatar da shi ya iso a makare, sai na'urar ta lissafa nisan da ya zarce na gaskiya. Jiƙaƙƙen ganyen damina na ƙara dagula lamarin.

Asarar ba ƙarama ba ce. Idan iyakar filin da ke da mita 30 a kowane ɓangare ta goce da mita 5, mai shi ya rasa murabba'in mita 150 cikin 900, wato kashi ɗaya bisa shida.

Tun 2008 Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafa tashoshin NIGNET, waɗanda ke taimakawa wajen gyara kurakuran da ke tasowa daga sararin samaniya. Sai dai tasha ba ta san bishiyar da ke kan mai awo ba. Shi ya sa ƙwararru kan kafa ma'auninsu a sarari, sannan su ratsa dajin da na'urar auna kusurwa da nisa, su kuma haɗa da taurarin Galileo, GLONASS da BeiDou.

Hukumar AGIS ce ke riƙe da bayanan filayen Abuja, amma rajista ba ta fi awon da aka shigar mata inganci ba. Mai sayen gona a bakin kurmi ya nemi safiyon da ke da rajistar SURCON kafin a kafa turakun iyaka.