Hular Kwano Mai Amsa Waya: Kafin Ki Saya Wa Ɗanki, Karanta Wannan

Uwargida, in dai akwai mai hawa babur a gidanki, ko maigida ne ko yaronki da ke kai ƙannensa makaranta, na san kin taɓa ganin wannan dabarar: a cusa waya tsakanin kunne da hula, ana gudu ana hira. Wani dare ina aikin kwana a sashen gaggawa aka kawo mana wani matashi da ya yi haka. Yana sanye da hular kwano, amma bai ɗaure igiyar haɓa ba don wayar ta samu wurin zama. Da ya faɗi, hula ta yi gabas, shi ya yi yamma. Allah Ya yi da sauran kwanansa, sai dai mahaifiyarsa ta shafe makonni a bakin gadonsa kafin ya gane ta.

Wannan daren ne ya faɗo mini a rai lokacin da ƙanena ya turo mini hoton wata hular kwano ta zamani, da saƙon, "Yaya, ki taimaka mini da wannan, ba sai na riƙe waya a kan hanya ba." Kafin na ba shi amsa sai da na zauna na fahimci abin. Ga abin da na gano, tunda ke ma wata rana za a iya kawo miki irin wannan roƙon.

Asalin fasahar ita ce Bluetooth, wadda ke haɗa wayarki da sifikar da kike jin karatu ko waƙa a kicin ba tare da igiya ba. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikinta a shekarun 1990, kuma takan yi aiki a tazarar kamar mita 10. A cikin hular ana saka ƙananan sifika biyu daidai kunnuwa, da makirfo a gaban baki, da ɗan batiri da ake caji. Waya tana aljihu, kira ya shigo, mahayi ya amsa da danna maɓalli ɗaya ko da murya. Yana kuma iya jin muryar Google Maps tana cewa ya yi dama ko hagu, ba sai ya sunkuyar da kai ga allon waya ba.

Kamfanoni irin su Cardo da Sena sun ƙara wani mataki: mahaya da ke tafiya tare suna magana da juna hula zuwa hula, ko babu sabis, babu kati. Wasu na'urorin Cardo suna haɗa mutum har 15. Akwai huluna masu fitila a ƙeya, akwai masu kyamara da ke nuna abin da ke tahowa daga baya, akwai kuma masu gane cewa mutum ya faɗi, su sa waya ta aika wa 'yan'uwa saƙo da wurin da yake. Wannan na ƙarshen shi ya fi burge ni, domin a raunin kai jini na iya taruwa cikin ƙoƙon kai a hankali, kuma saurin isa asibiti yana da matuƙar tasiri. Amma sai akwai caji, akwai data, akwai sabis a wurin.

To ina matsalar take? Ta farko, hannu ya huta amma hankali bai huta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga hatsari da kusan ninki huɗu, kuma amsa waya ba tare da riƙe ta ba bai rage hatsarin sosai ba. Wanda ake yi wa maganar bashi a kunne ba zai lura da akuyar da ta tsallako titi ba. Ta biyu, kiɗa mai ƙarfi yana toshe hon ɗin motar da ke baya, kuma a hankali yana cin kunne.

Ta uku ita ce babba. Duk waɗannan na'urori ba su ne ke kare ƙwaƙwalwa ba. Abin da ke kare ta shi ne farin soso mai tauri da ke tsakanin ɓawon hular da kai. Idan aka bugu, shi ne yake murƙushewa ya shanye ƙarfin bugun. A rahotonta na 2023, hukumar ta ce mutane kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma hula mai inganci da aka ɗaure daidai tana rage raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin 100. Ba mu manta da Janairun 2009 ba, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta saka hula, wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka don gudun kamu. Hula marar soso mai kyau, ko da tana magana da harsuna goma, 'yar'uwar ƙwaryar nan ce.

Kada kuma ƙyale-ƙyalen talla ya ruɗe ki. Wani kamfanin Amurka mai suna Skully ya tara sama da dala miliyan 2 daga jama'a a 2014 da alkawarin hula mai kyamara da allo, ya rufe a 2016, masu biya da yawa ba su ga hula ba.

Idan za ki saya, fara da hular kanta. Duba tambarin ECE na Turai, ko DOT na Amurka, amma ki sani ana buga na bogi, don haka ɗaga shafin ciki ki taɓa soson: ya zama mai kauri da tauri. Mai rufe haɓa ta fi kariya. A gwada ta a kan mai ita. In ya girgiza kai tana yawo, ta yi masa yawa. Igiyar ta kama yadda yatsa ɗaya ko biyu kawai za su shiga. Kada a yarda mai gyara ya fafe soson ko ya huda ɓawon don sifika ta zauna. Hular da aka taɓa faɗuwa da ita a canza ta ko ba a ga tsaga ba, saboda haka ki guji ta gwanjo. Yara kuma da ake goyawa zuwa makaranta, su ma a nema musu daidai kansu.

Ƙanena dai na saya masa hula mai rufe haɓa, na ce na'urar ya tara kuɗinta da kansa, bisa sharaɗi ɗaya: taswira kawai zai saurara, kira kuwa sai ya gangara gefen titi ya tsaya. Ke ma akwai naki aikin, uwargida. Idan kin san yana kan hanya, ki daure kada ki kira shi don tuna masa cefane. Tura saƙo, zai gani in ya sauka. Ki kuma ajiye lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra a wayoyin gidan. Allah Ya tsare mana su, Ya dawo mana da su lafiya.