Fentin feshi: abin da mai koyo zai duba kafin ya sayi ƙaramar bindiga

A Sassumbrum da sauran garuruwan gundumomin Magarya da Dungas, yaro ba ya jiran a sayo masa abin wasa. Da karan dawa, da waya, da gwangwanin madara, sai ya ƙera motarsa, tayoyinta na tsohon silifa. Wasu sun girma da wannan hannu, suna ƙera ƙananan motoci da jirage na sayarwa, wasu kuma sun koma rubuta allunan shaguna da ƙawata tankin kabu-kabu. Abin da ke damunsu ɗaya ne: burushi yana barin sawu, mai saye kuwa da ido yake ciniki. Shi ya sa matasa ke tara kuɗi domin ƙaramar bindigar feshi, wadda ake kira aérographe da Faransanci. Sai dai wanda ya saya bai san abin da zai duba ba, cikin mako guda kuɗinsa kan koma ƙarfen ajiya.

Bindigar ba ta fi alƙalami girma sosai ba. Iska ce ke bi ta cikinta, ta ja fenti ta gefen wata siririyar allura, ta fesa shi kamar hazo. Kamfanin Paasche, wanda aka kafa a birnin Shikago a Amurka, yana ƙera ta tun 1904, lokacin da ake gyaran hotuna da ita. Akwai kuma Iwata na Japan da Badger na Amurka, amma mai ƙaramin jari galibi da ƙirar Sin yake farawa, kuma ba laifi in ya iya zaɓe.

Baki da allura

Kuskuren farko shi ne ɗaukar ta daidai da bindigar garaji. Wadda ake fesa mota ko ƙofar ƙarfe da ita, bakinta kan kai milimita 1,3 zuwa 1,8. In aka nufi motar gwangwani da ita, fenti zai malale ya rufe duk wani zane. Ita kuwa ƙaramar, bakinta milimita 0,2 ne zuwa 0,5. Mai 0,2 tana fitar da layi siriri, amma ba ta daɗewa take toshewa. Mai 0,3 ko 0,35 ita ta fi dacewa da ɗan koyo, domin tana rubutu, tana kuma rufe jikin ƙaramar mota. Wanda allunan shaguna ne yawancin aikinsa, ya nemi mai 0,5.

Maɓalli iri biyu ne. Akwai wanda da an danna, iska da fenti su fito tare. Akwai kuma wanda ake dannawa ƙasa iska ta fito, a ja shi baya fenti ya biyo gwargwadon jan. Na biyun ya fi wuya a kwanakin farko, amma da shi ake yin inuwa da haɗa launi, kuma wanda ya fara da shi ba zai sake sayen wata nan kusa ba. Kofin fenti kuma gara wanda ke bisa: yana aiki da ɗigo kaɗan, ba ya son iska mai ƙarfi, wankinsa da sauƙi. Mai kwalba a ƙasa ta masu babban aiki ce.

Iska ce rabin cinikin

Bindiga ba injin iska, ado ce kawai. Ƙaramar tana aiki da ƙarfin bar 1 zuwa 2, alhali injin garaji kan tara bar 6 zuwa 8. Mai son aron na garaji sai ya sa masa abin rage ƙarfi da matatar da ke tare ruwa da mai, in ba haka ba fenti zai yi ƙuraje. In sabon inji za a saya, mai tanki ya fi, saboda iskarsa ba ta rawa, kuma in wuta ta ɗauke akwai sauran da za a ƙarasa shafe ɗaya. Masu batir da ake cazawa kamar salula suna da amfani inda kuran ba ya zama, amma ƙarfinsu kaɗan ne, sai fenti mai ruwa-ruwa. Tayar mota da aka cika wurin mai faci ma tana yi a lokacin koyo, illa ƙarfinta na raguwa ana cikin aiki.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Da hunturu ƙura ke manne wa ɗanyen fenti, don haka a yayyafa ruwa a ƙasa, a yi feshin cikin babban kwali. Da bazara fenti kan bushe kafin ya isa jikin abu, ya fito kamar yashi, sai a yi aiki da sassafe. Da damina kuwa ruwa ke taruwa cikin tiyo.

Kafin a biya

Ko a kasuwar Dole ta Damagaram aka samo ta, ko aka yi saƙo Kano, abu uku ne ba a bari. A gwada ta da ruwa, a ga feshin ya fito daidai ba ya karkata. A tabbatar tiyo ya shiga bindiga ya kuma shiga inji, domin ba duka ne bakinsu ɗaya ba. Sannan a haɗa da allura da baki na canji, saboda su ke fara lalacewa, kuma abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba yana iya tsayar da aiki har sai an samu mai tafiya. A tambaya ko robobin cikinta suna jure tina, don na masu arha da yawa kumbura suke yi.

Fenti a tsinka shi har ya yi kamar madarar da aka tatso yanzu, a tace da ƙyalle. A goge gwangwani da takardar yashi, a sa fentin ƙasa, sannan a fesa daga nisan santimita 10 zuwa 15, shafe biyu ko uku marasa kauri. Ana gamawa a wanke bindiga nan take. Fentin da ya kwana a ciki shi ya fi kashe bindigogin ƴan koyo.

Huhu ba shi da na canji

Hazon fenti da tururin tina suna shiga ƙirji. Takunkumin ƙyalle irin na zamanin korona ba ya tare tururi, sai mai matatar gawayi. Ba a feshi a rufaffen ɗaki, ko kusa da murhu da sigari. Tunda abin wasa bakin yaro yake ƙarewa, fenti mai narkewa da ruwa ya fi dacewa da shi, domin wasu fentocin mai suna ɗauke da dalma, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani ƙanƙanin adadinta da ba ya cutarwa ba.

Wanda ya sayo tasa, kada ya fara da kayan mutane. Ya jiƙa shuni ko tawada, ya yi ta jan layi da ɗigo a tsohon kwali har yatsa ya saba da maɓalli, kana ya ɗauko motar farko.