Rama Tana da Ma'auni, Ƙiba Tana da Kirari

Ranar awo a asibitin sha-ka-tafi na ƙauye, tun da hantsi mata ke cika inuwar darbejiya, kowacce da goyonta. Malamar asibiti kan zaro wani siririn ma'auni mai launi uku ta naɗa a damtsen yaro. In ya tsaya a kore, uwa ta yi hamdala. In ya faɗa ja, wato kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, an san tamowa ce mai tsanani, nan take a rubuta sunansa, a ƙirga wa uwar ƙunshin markaɗaɗɗiyar gyaɗar nan ta Plumpy'Nut na mako guda. Can gefe kakar yaron ce zaune a tabarma, sai ta dafa ƙasa da hannu biyu kafin ta miƙe, tana haki. Babu wanda ya ce mata ta hau sikeli.

Rama ta samu gata, kuma ta cancanta, domin yaron da ta kama ba ya jira. Tun yunwar da aka yi a Nijar a 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara a yankin Maraɗi da wannan gyaɗa, aka ƙara tabbatar da cewa ba sai an kwantar da kowane yaro a gadon asibiti ba, uwa ma za ta iya ciyar da shi a ɗakinta. Najeriya ta fara irin wannan tsari a 2009 a jihohin Gombe da Kebbi. Yau tamowa tana da ranarta, tana da 'yan sa-kai masu shiga gida-gida, mai unguwa ya san da zamanta, liman kan yi sanarwa a kanta bayan salla.

Ƙiba fa? Ita yabo take sha. Amarya ta zo ganin gida bayan wata uku, gwaggo ta riƙe haɓa: "Masha Allahu, 'yar nan, hutu ya karɓe ki!" Wadda ba ta murje ba kuwa, sai a shiga zargin miji ko kishiya. Shi ya sa kasuwar sha-ka-fashe ba ta mutuwa a kemis. Magidanci ya ajiye tumbi, a ce Alhaji ya samu duniya. Ban ga laifin mutanen da suka san baƙar yunwa ba in suka ɗauki teɓa a matsayin shaidar tsira, amma lissafi ya sauya. Binciken lafiyar jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 12 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 ramammu ne, kashi 28 kuwa nauyinsu ya wuce ƙima. Birni ne kan gaba, sai dai ƙauye na biye da shi.

Dalilin ba a ɓoye yake ba. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi, babur ya karɓi tafiyar ƙasa, taliya da biredi da lemon kwalba sun isa teburin mai shayi na kowane ƙauye, ga mai ana kwarara wa miya. Harajin naira 10 kan kowace lita da dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora wa kayan sha masu zaƙi bai hana kowa buɗe kwalba ranar suna ba.

Inda cututtukan biyu suka fi rabuwa shi ne wajen magani. Yaro mai tamowa kan murmure cikin 'yan makonni, uwa na gani da idonta, maƙwabta na gani, labari ya bazu. Ƙiba ba ta da ƙunshin da za a miƙa wa mutum. Maganinta a rage loma, a rage suga, a motsa jiki har abada, kuma ladan abu ne da ba a gani: hawan jinin da bai zo ba, shanyewar ɓarin jikin da ba ta auku ba. Da wuya ka tara jama'a a kan abin da bai faru ba. Ga kuma tukunya ɗaya ce a gidan, wadda ake so yaro ya ƙara ci daga cikinta, kaka ta rage. Ka ce wa tsohuwa ta bar ƙosai da kokon da ya sha suga, ka ji amsa.

Duk da haka ni ban yarda sai an gina sabon asibiti ba. Awon ƙiba ma bai fi ƙarfin igiyar guga ba: a auna tsayin mutum da ita, a ninke ta gida biyu, in ba ta zagaye cikinsa ba, to ya kamata a duba jininsa, a ga ko ya kai 140 bisa 90. 'Yan sa-kan da ke naɗa ma'auni a damtsen jika su ne dai ke gaishe da kaka a tsakar gida. Abin da ya rage a koya musu shi ne lafazin da za su gaya mata, cikin ladabi, ba tare da ta ɗauka an yi mata gorin abinci ba.