Amsoshin Wasiƙunku: Ƙarfen Gefen Mota, Walda Ko Ɗaurin Noti?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa da ke hawa tsaunin Mambila da Hilux, ya tambaya: ƙarfen da ake sa wa mota a ƙarƙashin ƙofa don kada dutse ya lotsa ta, walda ta fi ko noti?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Da farko, a jikin shasi ake kafa shi, ba a bodi ba. Wanda aka liƙa a bodi matakala ce kawai, dutse ɗaya ya ishe shi.

Walda ta fi araha, kuma ba ta kwancewa. Sai dai wuta tana ƙone fentin shasi, tsatsa ta shiga, mai gaggawa kuma yana iya raunana ƙarfen. In ita ka zaɓa, a cire kan batir tukuna, a kuma kula da tiyon mai, domin nan kusa yake bi.

Ni dai noti zan ce maka. In ƙarfen ya lanƙwashe, ka kwance shi a miƙe, a mayar. Nemi noti mai lamba 8.8 a kansa, a bi ramukan da ke shasin, kada a huda sababbi barkatai. Amma gargada tana sassauta noti, saboda haka ka riƙa bin su da sifana duk ranar juyen mai.