Goji: abinci ne ko magani?

Ɗan'uwa mai karatu, wataƙila ka taɓa ganin hoton wasu ƴaƴan itace jajaye ƙanana a cikin salula, ko a jikin kwalin wani shayi da ƴan talla ke yawo da shi. Sunansu goji. Masu saida shi suna cewa yana maganin ciwon ido, da ciwon sukari, da hawan jini, da raunin mazakuta, wai har tsufa yana hanawa. To, kafin ka zaro kuɗinka, zo mu duba tare mu ga mi ke cikinsa.

Goji ba itacen ƙasarmu ba ne, daga ƙasar Sin yake. Inda aka fi saninsa wata jiha ce mai suna Ningsha, can arewa maso yamma. Ruwan sama bai da yawa a wurin, amma wani babban kogi ya ratsa ta, da shi suke ban ruwa. Akwai musulmi da yawa a jihar, wajen mutum ɗaya cikin uku. Itacen gajere ne mai ƙaya, dangin tumatir da tonka da yalo. Ɗansa bai wuce girman ƙwayar gujiya ba. Da hannu ake tsinkar shi, kuma ɗanyen bai jimawa yake lalacewa. Shi ya sa ake shanya shi ya bushe, kamar yadda muke yin kauɗar tumatir.

Mutanen Sin sun daɗe da sanin shi. Wani masanin magani nasu, Li Shizan, ya sa shi cikin babban littafinsa na itatuwa da saiwoyi, wanda ya gama rubutawa a 1578. Har gobe suna jefa shi cikin miya, ko kunun shinkafa, ko ruwan shayi. Ɗan kaɗan suke sawa, ba cin ƙoshi suke yi ba.

To, mi ke ciki? Masana sun auna. A cikin garam 100 na busasshen goji akwai abinci mai gina jiki garam 14. Akwai dusa mai gyara ciki garam 13. Akwai sinadarin ƙarfe, wanda ke ƙara jini, kusan miligaram 7. Akwai bitamin C wajen miligaram 48. Sannan akwai abin da jiki ke maidawa bitamin A, shi kam da yawa ƙwarai. Ka ga ashe ba abin rainawa ba ne. Abinci ne mai kyau.

Amma akwai abin da mai talla ba ya faɗi. A cikin wannan garam 100 ɗin, wajen garam 46 sukari ne. Kusan rabi ke nan. In ka kwatanta, kamar ka jefa ƙwayar sukarin shayi 8 ko 9 a baki. Yanzu ka yi tunani: mai ciwon sukari aka ce ya riƙa ci safe da yamma don ya warke! Kuma ba mai cin garam 100 a rana. Cikin tafin hannu guda wajen garam 30 ne, abincin gina jiki da ke ciki bai wuce garam 4 ba.

Maganar ido ita ce ke da ɗan tushe. Jan launin goji yana ɗauke da wani sinadari da ke taruwa can ƙarshen ido, inda gani yake. A 2021 masu bincike a wata jami'a ta Kaliforniya, ƙasar Amurka, sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi da mutum 27. Rabinsu sun ci cikin tafi guda na goji, sau 5 a sati, har kwana 90. Da aka duba, sinadarin ya ƙaru a idonsu. Madalla. Sai dai ka lura da abu biyu. Mutum 27 ba su cika ko aji guda ba. Kuma dukkansu lafiyayyu ne, ba wani makaho da ya buɗe ido a cikinsu. Wanda yana ta rufe wa ido, aiki yake buƙata wajen likitan ido. Ko buhu guda ya ci, yanar ba ta tashi.

Sauran maganganun kuwa, na kansa da tsawon rai, ba a tabbatar da su a jikin mutane ba. Yawancin gwajin a kan ɓeraye aka yi, ko cikin kwalabe a ɗakin bincike. Ɓera daban, mutum daban. Ƴan talla suna son kawo labarin wani tsoho ɗan ƙasar Sin da ya rasu a 1933, wai ya shekara 256 saboda cin goji. Ba wata shaidar da ta nuna haka. Ni dai a ganina, wannan tatsuniya ce. A 2006 ma sai da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa kamfanoni biyu masu saida ruwan goji takardar gargaɗi, don suna tallar shi kamar magani alhali ba su da hujja.

Yanzu waiwayo gida. Duk abin da muka lissafa a cikin goji, akwai shi kusa da kai. Wake, garam 100 ɗinsa na ɗauke da abincin gina jiki sama da garam 20, ya fi goji nesa ba kusa ba. Garin ɗan kuka, wannan fari mai tsami da yara ke tsotsa, bitamin C ɗinsa ya ninka na goji. Bitamin A kuma, wanda rashinsa ke kawo dundumi ga yara da mata masu ciki, yana nan cikin zogala, da karas, da mangwaro nunanne, da kabewa, da manja, da hanta. Sinadarin ido da muka faɗa, akwai shi cikin gwaiduwar ƙwai da jar masara. Ga abin mamaki: tun 2008 ƙasashen Turai suka yarda a shigo musu da garin ɗan kuka. Can ana zuba shi cikin kwali mai ado, ana yi masa kirari irin wanda ake yi wa goji a nan.

Ban ce kada ka ci goji ba. In an ba ka tsaraba, ko kana da hali ka saya, ci abinka. Wanke shi tukuna, don an sha samun ragowar maganin ƙwari a jikin wanda ake fitarwa kasuwa. In ya yi fumfuna, zubar.

Inda hatsarin yake shi ne wajen mai shan magani. Akwai uwar gida da za ta ajiye ƙwayar hawan jini da likita ya rubuta mata, ta koma shayin goji, don an ce na itace ne, bai da illa. Hawan jini bai sallama. Ranar da ya tashi, shanyewar ɓarin jiki ce. Haka mai ciwon sukari da ya bar ƙwayarsa ko allurarsa. Akwai kuma wani magani mai tsinka jini da ake ba wasu masu ciwon zuciya, sunansa warfarin. Shi da goji ba su jituwa ko kaɗan: jinin yana iya tsinkewa fiye da kima, mutum ya riƙa haɓo, ko dasashi ya yi ta jini, ko ya ga jini a fitsari. In kai ko wani naka yana shan wannan magani, kada ya ci goji, kada ya sha shayinsa, sai ya ɗauki kwalin ya kai wa likitan da ya rubuta masa maganin ya gani.