Kufta A Miyar Dakwa Irin Ta Mutanen Tailan: Yadda Baba Ya Dawo Kan Siniya

Duk wanda ya tashi a Umdurman ko Khartum ya san cewa a wurinmu abinci ba na mutum ɗaya ba ne. Siniya ɗaya ake kawowa, a jera kisra a gefe, a zuba mulah a tsakiya, kowa ya wanke hannu ya matso. To, ranar da likita ya gaya wa mahaifinmu cewa yana da ciwon sukari, ya kuma umarce shi da ya rage kisra da asida da burodi, musamman da dare, ba maganin ne ya fi damun tsohon ba. Abin da ya dame shi shi ne ɗan kwanon da aka riƙa kai masa shi kaɗai a bakin angarib, da dafaffen ganye ba mai ba ɗanɗano, alhali kuwa ga 'ya'yansa da jikokinsa can sun kewaye siniya suna hira. Mutumin da shi ne yake fara sa hannu a kwano tun muna yara, sai ga shi ya zama kamar baƙo a gidansa. Ba a yi wata biyu ba ya fara satar hanya, in dare ya yi sai ya aiki yaro shago ya sayo masa burodi.

Wannan matsala ba ta gidanmu kaɗai ba ce. Ƙididdigar da Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar a 2021 ta nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar na manya a Sudan yana da wannan ciwo. Kuma abincinmu kusan duka hatsi ne: kisra da asida na dawa, gurasa da burodi na alkama, mu Hausawa kuma mu ƙara da tuwo da fura da kunu. Burodi ya shiga jinin mutanen birni har ya kai ga a Disamba 2018, da farashinsa ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku, mutanen Atbara suka fito kan titi, abin da ya biyo baya kuwa kowa ya sani. Saboda haka ce wa magidanci ya kwana bai ci hatsi ba, ba ƙaramar magana ba ce.

Mafita ta zo mana ta inda ba mu zata ba. Gwaggonmu da ta daɗe a Makka ta zo ganin gida, ta ga kwanon nan, ta ce wa Baba, “Yaya, wannan ai horo ne, ba jinya ba.” A unguwarsu tana da maƙwabta Fatanawa, watau Musulmin kudancin ƙasar Tailan waɗanda kakanninsu suka je aikin Hajji suka zauna, kamar yadda namu kakannin suka yada zango a Mai Wurno da Gadarif da Jazira a kan hanyar Gabas. A wurinsu ta koyi wata miya da ake kira Masaman. Washegari ta aike ni Kasuwar Umdurman da jerin abin da zan sayo, ni kuwa na tafi ina tsammanin zan dawo hannu rabbana, don ina ni ina kayan miyar Tailan? Sai na tarar ba abin da ta rubuta da babu shi a wurin masu kayan ƙamshi.

Dalilin haka yana cikin tarihin miyar. Sunan nata ma ana ganin daga kalmar “Musulmi” ya samo asali, kuma ana danganta ta da fataken Farisa da suka zauna a Ayuttaya, tsohon babban birnin ƙasar, a ƙarni na 17. Su ne suka kai girfa da habahan da kanumfari, mutanen ƙasa suka haɗa da barkononsu da madarar kwakwa da tsamiya da gyaɗa. A 2011 tashar CNN ta sa ta a kan gaba cikin jerin abinci 50 da ta ce sun fi daɗi a duniya. Mu dai ba wannan ne ya dame mu ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne gyaɗa da tsamiya da barkono, waɗanda ba wanda zai koya wa Bahaushiya yadda ake sarrafa su. Ai agashe da ya zama abin alfaharin dare a Khartum, wanda Balarabe da Banube suke layi a kansa, tsiren Hausawa ne da garin ƙuli da yaji.

Asalin miyar da yankakken nama da dankalin Turawa ake yin ta, a ci da shinkafa. Gwaggo ta sauya abu uku: ta yi ta da kufta domin nama kaɗan ya ishi mutum da yawa, ta sa kabewa a madadin dankali, ta kuma sa dakwa a madadin madarar kwakwa. Madarar kwakwa ta gwangwani ce, daga waje ake kawo ta, ko kafin yaƙi ma sai a manyan shagunan Amarat da Riyad, da tsada. Dakwa kuwa tamu ce, gyaɗar Kurdufan da Darfur da Jazira. Ni a ganina ba asara aka yi ba, domin man kwakwa yawancinsa irin kitsen da likitoci ke cewa mai ciwon zuciya ya rage ne, na gyaɗa kuwa ba haka yake ba. Wadda ta samu madarar, tana iya raba su rabi da rabi.

Ga yadda ake yi, uwargida, don mutum shida.

A samu niƙaƙƙen nama rabin kilo, na sa ko na rago, wanda ba kitse da yawa. Kuftar da muka saba ana haɗa ta da jiƙaƙƙen burodi ko garin bugsumat don ta kama jikinta, to nan ne hatsi yake ɓuya, mutum ya ci yana tsammanin nama zalla ya ci. A maimakonsa a sa ƙwai ɗaya da garin ƙuli-ƙuli cokali uku. Maƙwabtanmu suna ganin tunkuza, wadda suke kira ambaz, abincin dabba ce, amma mu mun san abin da ake yi da ita in ta gida ce mai tsabta. A goga ƙaramar albasa ɗaya a matse ruwanta, don in ba a matse ba kuftar za ta warwatse a tukunya. A ƙara dakakkiyar tafarnuwa da citta da ɗan kasbara da gishiri, a cuɗa da hannu sosai har naman ya fara danƙo. A mulmula shi girman goro, zai ba da kamar guda 24. A soya su sama-sama a mai kaɗan, bayansu kawai ya yi ja, a kwashe. A cikin miya za su ƙarasa nuna.

Sai kayan miya, kuma a nan ne aikin yake. A jiƙa busasshen barkono guda biyar ko shida a ruwan zafi, a cire 'ya'yan in akwai yara a gidan. A ɗora kasko ba mai, a zuba 'ya'yan kasbara cokali ɗaya, habahan huɗu, kanumfari uku da ɗan sandan girfa, a juya har ƙamshi ya tashi. Kada a bari su ƙone, in sun ƙone miyar za ta yi ɗaci kuma ba gyara. A zuba su a turmi a daka, a ƙara barkonon da albasa biyu da tafarnuwa da citta da ɗan kurkum, a ci gaba da daka har ya zama kamar ƙullu. Mutanen Tailan ma a turmin dutse suke daka nasu. Suna kuma sa wata ciyawa mai ƙamshin lemo, 'yar'uwar maharib ɗinmu ce, amma kada uwargida ta ce za ta sa maharib, na gwada, miyar ta fito kamar maganin ciwon ciki. A kankare koren bayan lemun tsami ɗaya a sa, ya wadatar.

Akwai wani ɗanɗano da suke samu daga ruwan kifi da aka tsima da gishiri, wanda masu cin tarkin na arewa za su gane. Mu daddawa ce take yi mana wannan aiki. In babu ta kalwa, a sa furundu, watau abin da kakanninmu ke kira daddawar batso, ta 'ya'yan karkade. Kaɗan ake sawa.

A zuba man riɗi ko na gyaɗa cokali biyu a tukunya, a soya dakakken kayan a wuta kaɗan-kaɗan har mai ya fara fitowa ta gefe. Wannan yakan ɗauki minti goma, kuma mai gaggawa a nan take ɓata miyarta, don ɗanyen yaji ba ya ɓuya. A dama dakwa cokali huɗu a ruwan ɗumi kofi uku, a tace in da gudaji, a zuba. A sa yankakkiyar kabewa kamar rabin kilo. In ta tafaso a jera kuftar a ciki, a rage wuta, a bar ta minti 20, ana motsa tukunyar lokaci-lokaci don dakwa tana son kamun gindi. Can ƙarshe a zuba ruwan tsamiya, aradeb ke nan, cokali biyu ko uku, a ɗanɗana gishiri. Su can suna ƙara sukarin giginya. Mu ba ma sawa, zaƙin albasa da kabewa ya isa.

To da me za a ci, tunda ba shinkafa ba kisra? A yanka kabeji siriri-siriri a turara shi minti biyar, ya nuna amma bai yi laushi ba, a shimfiɗa a siniya a kwarara miyar a kai. A gefe a sa jirjir da tumatir da ajjur, ko gasasshen aswad. Miyar tana da kauri da maiƙo, tana riƙe ciki har safe, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gyaɗa sinadarin gina jiki ne, kusan rabinta kuma mai. Burodi kuwa kusan rabin nauyinsa sitaci ne wanda jiki ke mayarwa sukari nan da nan. Gyaɗa ba hatsi ba ce, dangin wake ce.

A daren da Gwaggo ta fara yin ta, ba a kai wa Baba kwano ba. Siniya aka kawo, shi ya fara sa hannu.

Sai dai akwai abubuwan da ya kamata a faɗa, don kada a ce mun yi tallan abinci mun ɓoye aibinsa. A ƙasashen Turai da Amurka barin hatsi gaba ɗaya ya zama yayi, har masu lafiya ƙalau suna gudun burodi kamar guba. Ni ban ga dalilin da za mu kwaikwayi wannan ba. Yaro mai tasowa, da mai shayarwa, da wanda ya wuni yana ɗaukar kaya a Suk Libiya, suna bukatar kisrarsu. A gidanmu ana ajiye ta a gefen siniya, mai so ya ɗauka, Baba dai ya san iyakarsa. Haka kuma wanda yake yin allurar insulin, ko yake shan ƙwayoyin da ke saukar da sukari irin su Daonil, kada ya yanke hatsin dare kwatsam bai gaya wa likita ba, domin sukarin yana iya faɗuwa ƙasa cikin barci, wannan kuwa ya fi hawansa saurin kisa. Sa'an nan ba amfanin a guje wa kisra da dare, a tashi da safe a sha shayi da sukari cokali uku da ligemat. Wannan yaƙin mun fi shan wuyarsa da Baba fiye da na burodi.

Ita ma dakwar a kula da ita. Gyaɗar da ta sha danshi ta yi fumfuna tana ɗauke da wata guba mai lalata hanta, wuta kuma ba ta kashe ta. Mai niƙa don sayarwa ba lallai ne ya tsince ba. Ya fi kyau uwargida ta sayi gyaɗarta, ta tsince baƙaƙe da motsattsu da masu ɗaci, ta soya ta kai niƙa da kanta.

Na san wata za ta karanta wannan ta ce, wa yake ta nama a wannan zamani? Gaskiyarta. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, dubban gidaje a Umdurman da Bahri da kudancin Khartum sun rayu ne da adas da balila na takaya, masu ciwon sukari da yawa kuma sun rasa insulin, ko sun rasa wutar da za su ajiye shi a sanyi. Waɗanda suka fara komawa gidajensu a 2025 sun tarar da aikin da ya fi girki. Mu ma mun yi watanni ba mu ɗora wannan tukunya ba. Amma miyar tana karɓar talauci fiye da yadda ake zato. Kwata kilo na nama, in aka haɗa shi da dafaffen adas kofi ɗaya da aka tsane aka murƙushe, yana ba da kufta kusan yawan ta rabin kilo, sai dai a ƙara garin ƙuli don ta kama. Adas yana da sitaci, amma yana shiga jini a hankali. In kifi ya fi sauƙi, a cire ƙayar bulti a daka tsokarsa a mulmula, kamar yadda masu zuwa kasuwar kifi ta Maurada suka saba, minti goma ya ishe shi a miya. In ma ba ko ɗaya, dafaffen ƙwai da aswad da kabewa a cikin wannan miya abinci ne.

Abu biyu na tsabta, saboda zafinmu da rashin tabbas na wutar lantarki. Niƙaƙƙen nama ya fi yankakke saurin lalacewa, don haka a sa mahauci ya niƙa a gabanki, a dafa shi a ranar, a kuma fasa kufta ɗaya a duba, kada a ga ja a cikinta. Ganyen da za a ci ɗanye kuwa, bayan kwalarar da ta addabi Khartum da Umdurman a 2025, a wanke shi da ruwan da aka tafasa ko aka sa wa kulorin. In ana shakkar ruwan, a bar jirjir a turara kabeji kawai.

Abin da ya rage a tukunya a tafasa shi kafin a kwanta, a sake tafasawa da safe. Dakwa takan yi kauri in ta kwana, sai a ƙara ɗan ruwan zafi da matsin lemun tsami.